B. J. PALMER (1882–1961): MALAMIN MASU GYARAN ƘASHIN BAYA

A garin Davenport, wanda yake bakin kogin Misisifi cikin jihar Iowa ta ƙasar Amurka, akwai wata makaranta bisa tudu da ake kira Kwalejin Palmer. A can ne aka soma koyar da sana'ar gyaran ƙashin baya da hannu, wadda Turawa suke kira kairofaratik. Wanda ya kafa makarantar shi ne Daniel David Palmer, amma wanda ya raine ta har duniya ta san da ita ɗansa ne, Bartlett Joshua Palmer, wanda kowa yake kira B.J. Ya riƙe ta shekara 55. Dubban mutane sun koyi sana'a a hannunsa, shi ne kuwa ya tsaya wa masu sana'ar a zamanin da ake kama su ana kullewa, har doka ta amince da su. Cikin wannan doguwar hidima ya rabu da kusan duk wanda ya taɓa ce masa ya yi kuskure, na fari a cikinsu kuwa mahaifinsa ne.

Kada mai karatu ya ɗauki wannan sana'a a matsayin ɗori. Mai ɗori karaya da targaɗe yake gyarawa. Shi kuwa mai wannan aiki yakan kwantar da mutum rub da ciki bisa wani gado na musamman, ya bi gaɓoɓin ƙashin bayansa ɗaya bayan ɗaya yana lalubawa da yatsu, sa'an nan ya danna wadda yake gani ta goce da sauri, sau da yawa har a ji ta yi ƙara. Su Palmer sun koyar cewa irin wannan gocewa tana matse jijiyoyin da suke fitowa daga laka zuwa sauran jiki, wai kuma daga nan ne kusan dukan cututtuka suke tasowa. A kan wannan koyarwa B.J. ya gina dukan rayuwarsa.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi B.J. a watan Satumba na 1882 a wani ƙaramin garin masu haƙar kwal mai suna What Cheer, cikin jihar Iowa. Mahaifinsa mutumin Kanada ne, an haife shi a 1845, ya ƙaura zuwa Amurka a 1865. Mutum ne wanda ba ya daɗewa a kan sana'a ɗaya. Ya koyar a makarantun ƙauye, ya yi kiwon zuma, ya sayar da dashe, ya buɗe kantin kayan abinci. Mahaifiyar B.J. ta rasu a 1884, yaron yana ɗan shekara biyu, ta bar shi da 'yan'uwansa mata biyu. Uban ya sake aure ba sau ɗaya ba. Bayan da B.J. ya girma yakan ba da labarin gidan da ya tashi a ciki da ɗaci, gida mai yawan horo da ƙarancin tausayi. Bai gama makarantar sakandare ba. Yana saurayi ya bi wani mai wasan sa mutane barci da magana a gaban 'yan kallo, suna yawo gari gari. A wurin wannan mutum ya koyi yadda ake riƙe hankalin taro, ilimin da ya yi masa amfani fiye da duk wanda ya samu a aji.

A wajen 1886 uban ya shiga wata hanyar warkarwa da take tashe a lokacin, wadda masu yinta suke cewa akwai wani ƙarfi irin na maganaɗisu da yake fita daga hannunsu ya shiga jikin marar lafiya. Da wannan aiki ya zauna a Davenport. Ya kuma kasance cikin masu halartar tarurrukan neman magana da ruhohin matattu, har daga baya ya rubuta da hannunsa cewa ruhun wani likita da ya daɗe da mutuwa, mai suna Jim Atkinson, shi ne ya ba shi tushen sabuwar koyarwarsa. Masu bi sun san abin da Maimaitawar Shari'a sura 18 ta faɗa game da tuntuɓar matattu, ba daidai ba ne kuwa a ba da tarihin sana'ar a tsallake wannan.

Ranar 18 ga Satumba, 1895, ita ce ranar da masu sana'ar suke ɗauka ranar haihuwarta. A ginin da uban yake da ofis akwai wani baƙar fata mai shara da kula da gini, sunansa Harvey Lillard, wanda ya yi shekara 17 ba ya ji sosai. Bisa ga labarin Palmer, ya duba bayansa ya tarar da wata gaɓa ta goce, ya danna ta, kunnen mutumin ya buɗe. 'Yar Lillard ta ba da labarin ta wata fuska dabam bayan shekaru masu yawa, masana jikin mutum kuma sun sha nuna cewa jijiyar ji a cikin kai take, ba ta bi ta gadon baya. Ko ma mene ne ya faru a wannan ɗaki, Palmer ya gaskata ya gano asirin cuta. Wani fasto daga cikin masu zuwa neman magani wurinsa, Rabaran Samuel Weed, wanda ya san Helenanci, shi ya taimake shi ya haɗa kalmomi biyu na wannan harshe, ɗaya hannu, ɗaya kuma aikatawa, aka sami sunan sana'ar. A 1897 ya buɗe makaranta. B.J. yana ɗan shekara 13 sa'ad da abin Lillard ya faru, ya gama karatu a hannun mahaifinsa a 1902.

Uba da ɗa

Cikin wannan shekara ta 1902 uban ya tattara kayansa ya tafi Kalifoniya, ya bar wa yaron da bai cika shekara 20 ba makaranta da asibiti da bashi. Yaron ya riƙe su. Ya buga talla a jaridu, ya nemo ɗalibai, ya lallashi masu bin bashi. Da uban ya komo sai ya iske wurin yana tafiya, ɗan da ya bari kuma ya riga ya saba da ba da umarni. Suka yi 'yan shekaru suna aiki tare, kowa yana ganin shi ne mai gida.

A 1906 hukuma ta gurfanar da uban a kotu saboda yin aikin likita ba tare da lasisi ba. Aka yanke masa tarar dala 350 ko zaman kurkuku. Ya zaɓi kurkuku domin ya nuna bai yi laifi ba, amma bayan kwana 23 aka biya tarar ya fito. Kafin ya fito an riga an juya dukiyar makarantar zuwa sunan matar B.J., ana cewa domin a kāre ta daga hukuma. Uban ya fito ya ga ba shi da sauran iko a makarantar da ya kafa. Aka sa masu sulhu a tsakani, aka biya shi dala dubu biyu da 'yan kai, aka ba shi waɗansu littattafai da ƙasusuwan koyarwa, ya bar garin. Ya je Oklahoma, daga can ya wuce Portland a jihar Oregon, yana buɗe makarantu suna rushewa. A 1910 ya buga babban littafinsa mai shafi kusan dubu, shafuffuka da yawa a ciki kuwa suka ne ga ɗansa, yana kiransa da suna, yana zarginsa da ɓata koyarwar da sace darajar wanda ya gano ta.

Yana da wuya a ce ga mai gaskiya tsakaninsu. Uban ne ya zo da tunanin, amma ba shi da haƙurin riƙe makaranta, da a hannunsa aka bar ta da wuya ta kai shekara goma. Ɗan kuwa ya iya riƙo, amma ya yi wa tsohon abin da kowane uba zai ji zafinsa har ransa. Halinsu ɗaya ne, shi ya sa gida ɗaya bai ishe su ba.

Ƙarshen abin ya zo a watan Agusta na 1913. Tsohon ya komo Davenport yana koyarwa a wata makarantar da take gasa da ta ɗansa. Ranar da makarantar Palmer take jerin gwanonta na shekara shekara, ya zo ya nace sai shi zai shiga gaba, tun da yake shi ne tushen sana'ar. Aka yi ta fama da shi ya koma gefe. Waɗansu suka ce motar da B.J. yake tuƙawa ta buge shi, waɗansu da suke wurin kuma suka rantse ba ta taɓa shi ba. Ya koma Los Angeles, ya rasu ranar 20 ga Oktoba, 1913. Takardar mutuwarsa ta ce zazzaɓin taifot ne. Abokan gāban B.J. suka kai ƙara suna neman a tuhume shi da kisan mahaifinsa, amma masu taya alƙali bincike suka ƙi amincewa da tuhumar, daga baya aka janye ƙarar. Kotu ta wanke shi, bakin mutane kuwa bai bar maganar ba har ya mutu.

Aurensa

A 1904 B.J. ya auri Mabel Heath. A 1906 suka haifi ɗansu tilo, wanda aka sani da David. Mabel ta koyi sana'ar ita ma, sa'an nan ta tafi Shikago ta yi karatun sassan jikin mutum. Ta komo ta koyar da wannan fanni a makarantar fiye da shekara 30, ta kuma rubuta littafin da ɗalibai suke karantawa a kansa, wanda ya fito a 1918. A farkon aurensu ita take dafa wa ɗalibai abinci, ita take riƙe lissafin kuɗi. Inda mijin yake da zafi ita mai sanyi ce, ɗalibai da yawa da suka yi niyyar barin makarantar saboda shi sun zauna saboda ita. Idan akwai ajin da aka koyar da ilimi tabbatacce a wannan makaranta a shekarun farko, ajinta ne.

Yaƙin kotu

Ɗaurin da aka yi wa uban ya nuna wa B.J. cewa kowane ɗalibin da ya yaye yana iya ƙarewa a kurkuku. Saboda haka a 1906 shi da waɗansu suka kafa ƙungiyar masu sana'ar, kowa yana zuba kuɗi domin a ɗauki lauya idan an kama ɗayansu. Gwajin farko ya zo a 1907 a garin La Crosse na jihar Wisconsin, inda aka kama wani tsohon ɗalibinsa, mutumin Japan mai suna Shegataro Morikubo. Lauyan da suka ɗauka, Tom Morris, wanda daga baya ya zama mataimakin gwamnan jihar, ya bi wata dabara. Ya ce wannan sana'a dabam take da aikin likita da duk wata hanyar warkarwa da doka ta sani, tana da nata tushe da nata ilimi, don haka ba za a hukunta mutum saboda rashin lasisin sana'ar da ba ita yake yi ba. Aka sallami Morikubo.

Wannan hukunci ya sāke B.J. ƙwarai. Tun daga ranar ya ga cewa bambancin nan shi ne garkuwarsu, ya shiga ƙarfafa shi ta kowace hanya. Ya hana ɗalibansa amfani da kalmomin likitoci. Kada su ce sun gano cuta, sai dai sun bincika ƙashin baya. Kada su ce sun yi magani, sai dai sun daidaita gaɓa. Ya ɗauki wata koyarwar mahaifinsa ya faɗaɗa ta, cewa akwai wata basira da aka haifi kowane mutum da ita, wadda take gudana ta cikin jijiyoyi tana tafiyar da jiki, ita kuma wani yanki ce na babbar basirar da take riƙe da dukan halitta. Aikin mai sana'ar shi ne ya buɗe mata hanya kurum. Wannan magana ta fi kusa da addini fiye da kimiyya, uban ma ya taɓa ba da shawara a 1911 cewa a mai da sana'ar addini domin doka ta ƙyale ta. B.J. bai bi wannan shawara ba, amma yadda yake magana a kan basirar nan, da yadda almajiransa suke sauraronsa, ya sa baƙi da yawa suka ce taronsa ya fi kama da taron farkawa.

Yaƙin ya ɗauki shekaru. A Kalifoniya masu sana'ar suka ɗaura niyyar ƙin biyan tara, suka riƙa shiga kurkuku da kansu har jama'a suka tausaya musu, aka jefa ƙuri'a a 1922 aka ba su izini. Jihar Kansas ce ta fara yin dokar ba su lasisi a 1913. Ta ƙarshe, Louisiana, sai a 1974, shekara 13 bayan mutuwar B.J.

Makarantar da malaminta

A aji B.J. gwani ne, abokan gābansa ma ba su yi musun wannan ba. Mutum ne mai dogon gashi da gemu mai tsini, mai tashi tun da asuba ya zauna ga keken rubutu. Ya rubuta littattafai masu yawa waɗanda aka sani da koren bangonsu. Ya kafa wa makarantar maɗaba'arta. Ya sa aka rubuta gajerun maganganun hikima a bangon azuzuwa da matakala da ɗakin cin abinci, ta yadda ɗalibi ba zai ɗaga kai ba sai ya karanta wani abu. Ya tara ƙasusuwan mutane masu yawa, musamman na baya waɗanda cuta ta lanƙwasa, domin ɗalibi ya riƙe da hannunsa ya gani. A 1910 ya kawo na'urar ɗaukar hoton ƙashi, shekara 15 kacal bayan gano ta. Wannan ya jawo tawaye na farko, gama wani babban malaminsa, Joy Loban, ya fita da ɗalibai da dama suka kafa tasu makarantar a cikin garin. A can ne tsohon Palmer ya koyar a 1913.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya gwamnati ta biya wa tsofaffin sojoji kuɗin koyon sana'a, suka yi ta kwarara zuwa Davenport. A farkon shekarun 1920 ɗaliban sun haura dubu. Manomi ko wanzami ko malamin firamare yana iya zuwa, bayan wata 18 ya koma garinsu ana kiransa dakta. Mata ma sun shiga da yawa a zamanin da makarantun likita ba su cika karɓarsu ba. B.J. bai ɓoye ba cewa yana tafiyar da makarantar kamar masana'anta, yana kuma koya wa ɗalibai yadda za su tallata kansu kamar yadda yake koya musu danna ƙashi. Yana ganin yawan karatu yana ɓata hannun mai sana'a.

Akwai ƙofar da ya rufe, wadda ba ta da kyan faɗa. Mutumin da aka fara gwada sana'ar a jikinsa baƙar fata ne, amma tun daga shekarun 1920 har zuwa wajen 1950 takardun makarantar suna faɗa a fili cewa ba a karɓar baƙar fata. Da jikan Harvey Lillard ya zo neman shiga a waɗannan shekaru, da an mai da shi daga bakin ƙofa.

A 1922 B.J. ya sayi wani ƙaramin gidan rediyo ya ɗora shi bisa ginin makarantar, ana kiransa WOC. Yana cikin gidajen rediyo na farko a wannan yanki na Amurka. Ana sa kiɗa da labarin yanayi da farashin amfanin gona, da dare kuma mai gidan ya hau ya yi ta bayani a kan ƙashin baya ko tafiye-tafiyensa, gama ya zaga duniya da iyalinsa ya kwaso gumaka da kayan tarihi daga ƙasashen Asiya, ya cika wani lambu da su kusa da gidansa, mutane suna biya su shiga kallo. A 1930 ya haɗa da gidan rediyon WHO na Des Moines. A 1932 wani saurayi da ya gama kwaleji yana neman aiki ya zo WOC, aka ɗauke shi ya riƙa ba da labarin wasan ƙwallo. Sunansa Ronald Reagan, wanda ya zama shugaban Amurka a 1981. A 1949 B.J. ya ƙara da gidan talabijin. Dukiyar iyalin daga baya ta fi fitowa daga waɗannan gidaje fiye da makarantar.

Na'urar da ta raba gida

Tun da wuri masu sana'ar sun kasu biyu. Akwai 'yan tsantsa, waɗanda suke cewa hannu da ƙashin baya kaɗai, B.J. ne shugabansu. Akwai kuma 'yan gauraye, masu haɗawa da tausa da gashi da gyaran abinci da sauran dabaru. B.J. yana yi wa na biyun kallon maciya amana. Duk da haka har 1924 yawancin masu sana'ar, ko da ba su yarda da shi a kan kome ba, suna girmama shi a matsayin babba.

A taron shekara na watan Agusta 1924, gaban dubban tsofaffin ɗalibansa, ya fito da wata na'ura da wani mai suna Dossa Evins ya ƙera. Tana da ƙahoni biyu da ake bi da su gefen ƙashin baya dama da hagu, tana auna bambancin zafin fata, wai ta haka za a san daidai inda jijiya ta matsu. B.J. ya ce daga yau duk wanda ba ya aiki da ita bai cancanci taɓa bayan mutum ba. Ba a sayar da ita, sai dai haya ta shekara goma daga hannun makarantarsa, kuɗin kuwa ya yi ta hawa har ya wuce dala dubu biyu, a zamanin da sabuwar ƙaramar mota ba ta kai rabin wannan ba. Ya kuma yi kashedi cewa zai kai duk wanda ya ƙera irinta kotu.

Mutanen da suka shiga kurkuku saboda koyarwarsa suka ji kamar ya mare su. Shekara da shekaru yana gaya musu hannunsu ya isa, yau kuma ya ce hannun ba kome ba ne sai da akwatin da shi kaɗai yake bayarwa. Mai yiwuwa ya gaskata da na'urar da zuciya ɗaya, gama ya yi aiki da ita har ƙarshen ransa. Amma bai saurari kowa ba. A 1926 manyan malamansa huɗu suka ajiye aiki suka tafi Indianapolis suka kafa Kwalejin Lincoln. Ƙungiyar da ya kafa da hannunsa shekara 20 da suka wuce ta juya masa baya, har da lauya Morris suka rabu. Ya fita ya kafa wata sabuwa a wannan shekara. Kafin ƙarshen shekarun 1920 ɗaliban makarantar sun ragu zuwa 'yan ɗaruruwa.

Bai sassauta ba. A shekarun 1930 ya sāke fito da wata koyarwa, cewa gocewar da take da muhimmanci tana a gaɓoɓi biyu na saman wuya ne kaɗai, sauran bayan a bar shi. Da wannan ya soke yawancin abin da shi kansa ya koyar shekara 30. A 1935 ya buɗe babban asibitin bincike a makarantar, yana tara bayanan marasa lafiya da hotunan ƙashinsu, yana so ya tabbatar wa duniya da gaskiyarsa. An yi aikin da himma, amma bincike ne na mutumin da ya riga ya san amsar da yake so. Sa'ad da sauran masu sana'ar suka ga ya kamata a tsawaita karatu zuwa shekara huɗu, a kuma koyar da kimiyyar jiki sosai domin ɗalibai su iya cin jarrabawar da jihohi suka soma sawa tun 1925, B.J. ya yi ta yaƙi da su shekaru da yawa.

Abin da bincike ya nuna

Shekarun da suka biyo baya sun raba koyarwar Palmer gida biyu. Binciken likitoci ya nuna cewa danna ƙashin baya yana iya sauƙaƙa ciwon baya na yau da kullum, gwargwadon yadda motsa jiki ko maganin rage zafi suke yi. Wannan kaɗai ya sa sana'ar ta sami wurin zama a ƙasashe da dama. Amma babbar maganar, cewa gocewar gaɓa ita ce tushen cututtuka, ba a sami shaidarta ba. A 2010 hukumar da take kula da masu sana'ar a Ingila ta faɗa da bakinta cewa babu binciken da ya goyi bayan wannan da'awa. Danna baya ba ya warkar da asma ko hawan jini ko farfaɗiya. Murɗa wuya da ƙarfi kuma, ko da yake ba kasafai ba, an danganta shi da yagewar jijiyar jini da shanyewar jiki. Ciwon bayan da ya zo da zazzaɓi ko rama ko mutuwar ƙafa na asibiti ne, gama yana iya zama tarin fuka na ƙashi ko ciwon daji.

Kuskuren B.J. mafi nauyi shi ne gābar da ya yi da allurar rigakafi. Shi da mahaifinsa sun raina maganar ƙwayoyin cuta, sun koya wa dubban ɗalibai cewa rigakafi guba ce, ɗaliban kuma suka kai wannan magana ga iyayen yara a garuruwansu. Ya rayu har ya ga rigakafin shan inna ya fito a 1955, ya ga cutar tana ja da baya a ƙasarsa, bai janye maganarsa ba.

Su ma likitocin ba su fita da hannu mai tsabta ba. Ƙungiyar likitocin Amurka ta kafa kwamiti a 1963 domin murƙushe sana'ar, ta hana 'ya'yanta hulɗa da masu yinta. Waɗansu masu sana'ar suka kai ƙara a 1976, a 1987 kuwa kotun tarayya ta sami ƙungiyar da laifin haɗa baki domin kashe sana'ar waɗansu.

Mutuwarsa

Mabel ta rasu a 1949. Bayan rasuwarta B.J. ya riƙa yin yawancin lokacin sanyi a gidansa na Sarasota cikin jihar Filorida, kusa da mazaunin masu wasan dabbobi da tsalle-tsalle waɗanda yake sha'awa tun yana yaro. Ciwon daji na hanji ya kama shi. Mutumin da ya yi shekara 50 yana faɗa da likitoci ya kwanta aka yi masa tiyata. Ya ci gaba da rubutu har kusan ƙarshe, ya rasu a Sarasota ranar 27 ga Mayu, 1961, yana da shekara 78.

Ɗansa David, wanda ya yi karatun kasuwanci a Jami'ar Pennsylvania, ya gāji makarantar. Ya sāke mata suna zuwa kwaleji, a 1965 ya fitar da ita daga dukiyar iyali ya danƙa ta ga hukumar amintattu, ya gyara tsarin karatu, ya shiga neman amincewar hukumomin ilimi, abubuwan da mahaifinsa ya ƙi yi. Ya rasu a 1978. A harabar kwalejin, bisa tudun nan na Davenport, an kafa siffofin kawunansu a jere, kakan da ɗan da jikan, tare da ta Mabel.